Ranar da Na Sa Ka Ajiye Makullin Mota

Zuwa ga Maigidana, Ɗan Tawa direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwar girmamawa nake aiko maka daga Moshi Zango ta Kumasi, daga ɗakin nan da ka sani, wanda yanzu yara suka sa wa fanka. Ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama inda kake kwance. Mutanen gida suna lafiya, ko da yake waɗanda ka sani a cikinsu saura 'yan kaɗan.

Jikarka Mariyama ce ke buga mini wannan a wayarta. Ta yi ta tsokanata wai in faɗi sunanka na yanka a rubuta, na ce ta rubuta Ɗan Tawa kamar yadda 'yan tasha ke kiranka, tunda daga Tawa ta ƙasar Nijar ka fito. Bakin da bai kama sunanka kana raye ba, ba yanzu da babu haƙori zai fara ba. Ta ce mutane da yawa za su karanta. Na ce su karanta, ai a gaban mutane abin ya faru.

Makon jiya jiri ya kai ni asibiti. Wani likita ɗan saurayi ya kama kaina da hannu biyu, ya ce in dubi hancinsa, ya fizge kan gefe. Ya ce idona ya tsaya daram, matsalar ba babba ba ce. Ya fara yi mini bayanin yadda kunne ke riƙe ido, na ce ɗana bari, na san wannan karatun tun ba a haifi uwarka ba. Tun da na dawo gida ban daina tuna shekarar 1969 ba.

Ka tuna tarin da ya kwantar da kai a farkon shekarar nan. Ka rame har wandonka sai da igiya biyu, motar goron Alhaji Sanda da kake ja zuwa arewa ta koma hannun wani. Kullum sai na raka ka asibiti an yi maka allura. Tarin ya tafi, ka fara cin tuwo kamar da, muka yi ta godiya ga Allah.

Sai tafiyarka ta canza. Kana buɗe ƙafa, kana dafa bango, in magariba ta yi kuma ba ka yarda ka tsallaka kwatar ƙofar gida sai ka riƙe wani abu. In mutum ya gaishe ka a hanya sai ka tsaya cak kafin ka amsa. Mutane suka ɗauka sabon ladabi ka koyo a gadon ciwo. Ni ce na gane ba ka san mai gaisuwar ba sai ka tsaya.

Da na matsa maka ka gaya mini gaskiya. Ka ce in kana zaune duniya lafiya lau, kana ganin tururuwa a bangon masallaci. Da ka ɗaga ƙafa, sai gidaje da mutane da fitilu su kama tsalle, kowane taku su yi sama su dawo.

Ba abin da ba mu yi wa idon nan ba. Mma, mahaifiyata, ta daka maka kwalli na musamman. Ka sayo tabarau a kasuwa har kala biyu, ɗaya ya mai da kai kamar akawun kotu. An yi rubutu an wanke maka fuska da shi. A bayan idonmu kuma 'yan unguwa suka gama yanke hukunci, wai tun da ka tashi daga ciwo ka fara leƙa wurin masu barasar apatashi, shi ya sa kake tangaɗi. Kai da ko goron da kake ɗauka ba ka cika ci ba.

Likitan ido ya haska, ya sa ka karanta allo har layin ƙasa, ya ce idonka ya fi nasa. Shi ya tura mu wurin likitan kunne. A hanya kana ta mita, wai ka kawo ƙarar ido an tura ka wurin kunne, gobe in ƙafarka ta yi ciwo sai su duba haƙori.

Likitan kunnen dattijo ne Ba'asante. Tuwi, yaren mutanensa, yake yi, kai kuma Tuwinka na tasha ne, na ciniki da zagin karen mota. Ni da aka haifa a Kumasi na zama tafinta. Duk abin da ya faɗa, ta bakina ka ji shi.

Ya kwantar da kai, ya ɗura maka ruwan sanyi a kunne, ya sunkuya yana kallon idonka. Ya ce mai lafiya in an yi masa haka ƙwayar idonsa sai ta kama fizga, ɗakin ya juya masa, wani har ya yi amai. Kai ka kwanta kana kallon rufi, har kana tambayata ko an gama. Ya ɗura a ɗaya kunnen, shiru. Na ga ya ajiye kwanon ruwan a hankali.

Sai ya sa ni na ɗaga yatsana ɗaya a gaban fuskata. Ya ce in kafa masa ido, in girgiza kai da sauri kamar mai cewa a'a. Na yi, ina ganin layukan yatsan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to in tsayar da kai, in kaɗa yatsan da irin wannan saurin. Yatsan ya zama hazo. Ya ce in gaya maka bambancin da na gani.

Ya ce can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, da ruwa a ciki. Kai na motsawa ruwan zai taɓa wasu 'yan gashi, su aika saƙo gindin ƙwaƙwalwa. Ita kuma ba ta tsayawa shawara, nan take za ta ja tsokokin ido su juya ƙwayar zuwa ɗaya ɓangaren, daidai gwargwadon yadda kan ya juya. Kai ya yi dama, ido ya yi hagu. Kai ya yi sama, ido ya yi ƙasa. Shi ya sa mai talla ke gudu da tire a ka kuma tana hango mai kiranta. Ido shi kaɗai yana iya bin abu mai tafiya, yana iya tsalle daga wannan fuska zuwa waccan, amma wannan hanyar ta fi nawa, ba ta kamo girgizar kai.

Ya ce allurar da ta kashe tarin, a jikin wasu mutane takan kashe 'yan gashin nan, kuma ba sa sake tsirowa. Idonka lafiya, ƙwaƙwalwarka lafiya, mai kawo mata labari ne ya mutu.

Ya ƙara wata magana, ban fassara ba. Ka juyo ka ce, "Me ya ce?" Na dubi ƙasa na ce, "Ya ce kada ka sake jan mota." Ka tashi ka sa hularka, ka yi masa godiya. A bakin ƙofar asibiti ka ce mini maganar nan ta tsaya tsakanina da kai.

Abu ɗaya ya ba mu mu tafi da shi. Ya ce ƙwaƙwalwa tana koyon dabara in an matsa mata. Ka samu abu ɗaya ka kafa masa ido, ka riƙa juya kai dama da hagu, safe da yamma. Tafiyar ƙasa za ta yi sauƙi, amma ban da duhu, ban da hanya mai gargada.

Ka fara da ƙusar da muke rataye fitila. Bayan kwana kaɗan ka ce ƙusa ba ta gaya maka ko idonka ya zame, in zo in zauna a gabanka. Shekarunmu da aure har da ɗa, ban taɓa kallon tsakiyar idonka da rana tsaka ba, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Na zauna ina sunkuyar da kai, kana cewa, "Adiza, ɗago, magani ne." Wata safiya Mma ta ɗaga labule ta same mu gwiwa da gwiwa muna kallon juna, kana kaɗa kai. Ta saki labulen tana salati, ta yini ba ta yi mini magana ba.

A zaman nan na ga abin da idona. In ka juya a hankali, ƙwayar idonka tana nan a kaina. In ka ƙara sauri sai ta bi kan ta tafi, sannan ta yi wuf ta dawo tana nemana. Kullum sai na ce maka ta tafi. Wani lokaci ka yi dariya, wani lokaci ka tashi ka fita.

Muna cikin haka, a watan azumi, rediyo ya faɗi dokar. Duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, wa'adin kuma gajere. Mutanen da suka zo Kumasi tun suna goye aka wayi gari ana ce musu baƙi. Ni ubana Badagombe ne, ɗan ƙasa, ba wanda zai taɓa ni. Kai ba ka da ko guntuwar takarda.

Zango ya rikice. Gado, tukwane, keken ɗinki, duk a bakin titi ana neman mai saye. In motar 'yan sanda ta shigo layi, maza su watse ta bayan gidaje, kai kuma gudu ba naka ba ne. Sau ɗaya na tura ka bayan buhunan gawayin Mma na zauna a kai da cikina wata bakwai, ina tsinke alayyafo.

Muka yanke shawara. Ni zan tsaya wurin Mma sai na haihu na yi arba'in, in biyo ka. Kai za ka tafi da ɗanmu Ɗanlami, lokacin yana da shekara bakwai, don danginka su gan shi.

Sai Alhaji Sanda ya aiko kiranka. Shi ma dokar ta hau kansa. Ya ce zai kwashe iyalinsa da gidaje da dama na layinmu a motar katakon nan, kai za ka ja, kuma in an isa motar za ta zauna a hannunka ka ci abinci da ita a can. Ka dawo gida da makulli a aljihu, fuskarka kamar ranar sallah. Tun kwanciyarka ban ga ka taka ƙasa da ƙarfi irin na ranar ba.

Na bari ka sha ruwa, sannan na tuna maka maganar likita. Ka ce likita bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ka ce hanyar Mampong da Ejura har jirgin fito na Yeji ka san ta kamar tsakar gidanmu. Ka ce direbobinmu duk sun tafi, na gari kuma ana jin labarin masu sauke mutane a daji su juyo. Ka ce, "In na isa Tawa hannu biyu, ba mota, ba gona, me zan ba ɗanki ya ci?"

Na ce to gangaren Mampong fa, inda hanya ke nannaɗe a jikin dutse? Gargadar bayan Ejura fa, da ka sha gaya mini tana kwance ƙusoshin mota? Ka ce za ka tafi a hankali. Na ce likita ya ce ko ramin titi ɗaya ya isa. Ka ce in rufe bakina, kuma in tuna alkawarin ƙofar asibiti.

Washegari ka je Suame ka ɗauko motar daga wurin gyara. Da ka iso na ga sabon karce a gefen katakon, da ɓurɓushin dokunu, tuwon masarar nan, a maƙale. Ka ce birki ne bai gama kamawa ba. Da yamma labari ya iso cewa wata mota ta kwashe teburin mai dokunu a kwanar Krofrom, Allah ya sa matar ta shiga ɗauko canji. Na je bayan ɗaki na yi ta amai, Mma ta ɗauka cikin ne.

Na ƙirga mutanen da za su hau motar nan a zuciyata, fuska bayan fuska. Tsohuwar Alhaji da ba ta gani. Matan Malam Hamidu tela da 'ya'yansu. Amaryar da muka yi wa biki kafin azumi. Ɗanlami. Kai kanka. Na yi ta neman hanyar da zan hana ka ba tare da na tona ka ba, ban samu ba.

Ashe Malam Hamidu ma hankalinsa bai kwanta ba. Ana saura kwana kaɗan a tashi, bayan la'asar, maza suna zaune a benci ƙofar gidan Alhaji, mu mata muna zaure muna ɗaure kaya. Na ji ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, ana maganar idon Ɗan Tawa, kuma iyalina zan zuba a motar nan." Na ajiye igiyar da ke hannuna, na ce Allah ya kawo mini mafita ba da bakina ba.

Sai ga Malam Hamidu ya zaro allurar ɗinki daga jikin hularsa, ya miƙa maka da zare. Kana zaune daram a benci, ka zura zaren tashi ɗaya. Alhaji ya nuna wata mota can ƙarshen layi, ka karanto lambarta tas. Wani ya tambaye ka me ke kan rufin masallaci, ka ce tattabaru ne, ɗaya ƙafarta ɗaure da tsumma. Aka fashe da dariya. Malam Hamidu ya kama hannunka yana neman afuwa, Alhaji ya ce a shafa fatiha.

Duk wanda zai gwada ido a Zango haka zai gwada shi, a zaune. Ba wanda ya yi wauta a cikinsu. Ni ma da ban ji da kunnena ba, da allura zan kawo.

Ban san lokacin da na fito daga zauren ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe gaban maza, mayafina a baki. Alhaji ya ce, "Adiza, lafiya? Nan ba wurin mata ba ne." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri. Mota ba a tsaye ake jan ta ba. A ce ya je bakin famfo can, ya taho da sauri kada ya tsaya, Malam Hamidu ya ɗaga yatsu, ya faɗi ko nawa ne tun yana tafe."

Ban dube ka ba, amma na ji idonka a bayan wuyana. Wani dattijo ya ce wace irin mace ce wannan. Alhaji ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ɗan Tawa, je ka. Mu gama da maganar gaba ɗaya."

Ka miƙe ka tafi bakin famfo. Matan da ke ɗiban ruwa suka matsa maka. Malam Hamidu ya tashi tsaye ya ɗaga hannu, yatsu uku. Ka taho kana sanɗa, wuyanka a sandare, kana jan ƙafa don kada kan ya motsa, dabarar da ni kaɗai na san ta. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Da sauri aka ce."

Kana ƙara sauri na gane kuskurena. Yatsu biyar ne kawai a hannun mutum. In ka cinka, kana iya dacewa. In ka dace, an gama, za ka ja motar, ni kuma na zama matar da ta kunyata mijinta a banza, ba wanda zai sake saurarona. Na ji yaron cikina ya juya. Ina kallon bakinka, na ga ya buɗe.

Ba ka faɗi komai ba. Ka yi ta tahowa, idonka na yawo a kan hannun Malam Hamidu, har ka iso gabansa ka tsaya. Ka dubi yatsun, yanzu kana ganinsu sarai, kowa ya san kana ganinsu. Ka juya ga Alhaji ka ce, "Ban gani ba, Alhaji. Ina tafe ban gani ba." Ka zaro makullin ka ajiye a kan benci kusa da shi, ka wuce masallaci, ba a ma kira magariba ba.

Maigida, ba neman gafara ya sa na rubuto ba. In aka mayar da ni ranar, zan sake fitowa daga zauren nan. Abin da nake so ka sani shi ne, ni tambaya kawai na yi. Mutanen motar nan bakinka da ka rufe ne ya tsare su, kuma ban taɓa samun damar gaya maka na ga wannan ba.

Alhaji ya aika Suame aka kira Kwaku, Ba'asanten da ya yi maka karen mota shekaru har ka koya masa tuƙi. Ya zo gidanmu ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu, ya ce, "Masta, ni ba ya so ya karɓi mota naka. In kai ya ce a'a, ni ba ya tafi." Ka ce masa ya duba ruwan batir, kuma kada ya yarda a ɗora kaya sama da katako na uku. Iyakar abin da ka ce ke nan.

Ni kuwa ba ka sake yi mini magana ba. A masallaci kake shan ruwa. Kokon da nake dama maka na sahur, sai in same shi yadda na ajiye. Zaman safe da yamma ya mutu. Na wanke rigunanka na ninke, na soya maka nama na zuba a gwangwani, na ɗinke takardar maganinka cikin leda. Mata suna wucewa ta ƙofarmu suna rage murya. Mma kaɗai ta ce mini, "Kin yi daidai, amma ba za ki ji daɗinsa ba."

Ranar tafiya muka taru a tashar Krofrom da hantsi. Motoci a jere, kowace an yi mata lodi har tana jirkicewa, 'yan sanda na zagayawa da kulake. Aka taimaka maka ka hau bayan motar da ka yi shekaru kana zama a gabanta. Ka zauna a kan buhu daf da kan motar inda direba ke zama, Ɗanlami tsakanin gwiwoyinka. Na ɗaga kai na ce Allah ya kiyaye hanya. Ka ce, "Amin," kana kallon wani wuri.

Kwaku ya tayar da mota. Ta fita tasha ta hau hanyar Tafo, ni kuma na bi ta, da ciki da azumi, ina tafiya ina haɗawa da ɗan gudu. Ɗanlami yana ɗaga mini hannu yana kuka. Na ga ka juyo, kanka na kaɗawa da motar, kana duban taron matan da ke biye. Na san duk mun zama abu ɗaya a idonka, mayafai na tsalle. Na san a haka za ka tafi, fuskata ta ƙarshe a wurinka ita ce ta ƙofar gidan Alhaji.

Sai na ji ka daki rufin kan motar da tafin hannu, dukan da karen mota ke yi in yana so a tsaya. Kwaku ya taka birki a tsakiyar titi. Motocin baya suka kama hon, wani ɗan sanda ya taho yana ɗaga kulki. Motar na tsaye amma injin na kaɗa katakon. Ka sake duka. Kwaku ya leƙo ya dube ka, ya mayar da kai ciki, ya kashe injin ɗungurungum.

Komai ya tsaya. Na ga idonka ya bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina, ya zauna. Na tsaya cak, ko numfashi ban yarda na ja da ƙarfi ba. Ga Alhaji, ga Malam Hamidu, ga rabin Zango a kan titi, ban sunkuyar da kai ba. Ban san tsawon lokacin ba. Ɗan sandan ya iso yana dukan ƙofar Kwaku. Ka ce, "Adiza, koma inuwa, rana ta yi." Ka daki rufin sau biyu, motar ta tashi.

Kun isa lafiya, duk wanda ya hau motar nan ya sauka da ƙafarsa. Na haifi 'yarka gab da babbar sallah, na yi arba'in tafiya ba ta yiwu ba, na sa ran biyo ka da kaka. Da damina tarin ya dawo maka a inda babu allurar, saƙon rasuwarka ya iso mini ta bakin wani mai goro. Ba ka ga yarinyar ba. Ita ce uwar Mariyama mai buga wannan, wadda yanzu ta daina tsokanata.

Sai da Ɗanlami ya zama saurayi ya dawo Kumasi na ji sauran labarin hanyar. Ya ce a gangaren Mampong ka kwanta a kan rufin kana yi wa Kwaku magana ta taga, nan sa lamba biyu, nan kwana na zuwa, duk da ka. Ya ce tun da motar ta bar inda nake tsaye ka rufe ido, ba ka buɗe ba har kuka yi nisa ƙwarai. Ya tambaye ka ko jiri ne. Ka ce masa a'a, ba ka so wani abu ya hau kan abin da ka gani.

Allah ya jiƙanka, Maigida. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya saka wa Kwaku da alheri duk inda zuriyarsa take, ya jiƙan Mma da Alhaji da duk waɗanda suka hau motar nan suka riga mu. Allah ya sa in tawa ta zo in cika da imani, ya haɗa mu a inda ba a korar kowa.

Wassalam. Ni ce matarka,
Adiza, Moshi Zango, Kumasi.